Ranar da Aka Gurfanar da Shafin Ofis

A ofishin Baba ba a gardama a tsaye. Duk abin da ya raba kan mutum biyu, ko da launin labule ne, sai an shiga ɗakin taro an rufe ƙofa: wannan ya zama mai ƙara, wancan mai kariya, Baba ya hau kujerar ƙarshen tebur ya zama alƙali. Haka ya yi wa 'ya'yansa tun suna rigima a kan wa zai zauna gaban mota, haka kuma ya ci gaba da yi musu bayan su biyun sun girma sun zama lauyoyi a ƙarƙashinsa. Dokarsa ɗaya ce, ba ta kuma tanƙwaruwa: ba a shigo masa da "an ce". Ko ka kawo shaida, ko ka ja bakinka ka yi shiru.

Auta ta sha yin nasara a ɗakin nan, ta kuma sha kaye, amma ba ta taɓa shiga da abin da take tsoron rasawa ba sai wannan karon. Yayanta, mai riƙe da shari'o'in kamfanoni, ya shigar da buƙatar a rufe sashenta. Sashen ma dai ɗan ɗaki ne kusa da matattakala, mai benci ɗaya da fanka mai ƙara, inda take sauraron ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki da 'yan hayar da aka watso wa kaya waje. Tun da suka baro tsohon ofis na bakin titi suka hau saman sabon gini, ƙafa ta ɗauke. Har masinja ya fara jibge tsofaffin fayil a kan bencin, tunda ba mai zama.

"Ba mugunta ba ce, Auta," in ji Yaya, yana gyara agogo. "Mutanenki ba sa zuwa. Ki dawo ɓangarena, aiki ya yi mini yawa."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Tana son ɗakin nan fiye da yadda take iya faɗa a gaban Yaya, don saboda shi ta karanta aikin lauya.

Ana haka wata safiya wani mutum ya hawo, hannunsa na dama a aljihu. Ta kwashe fayil daga bencin ya zauna. Ya ce shi mai aiki da injin yanka katako ne a wani kamfanin kujeru. Masu kamfanin sun cire murfin da ke kare hannu don aiki ya yi sauri, injin kuwa ya yi saurin, ya tafi da yatsunsa. Sai a nan ya fito da hannun ya ɗora a gwiwa. Auta ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta tambaye shi ranar da abin ya faru. Da ya faɗa, ta yi lissafi a ranta. Ta sake lissafi ko Allah zai sa ita ce ta yi kuskure, amma ina! Wa'adin da doka ta yanke na neman diyya ya riga ya wuce.

"Bawan Allah, me ya hana ka zuwa da wuri?"

"Ai na zo."

"Yaushe?"

"Ina gadon asibiti. Ƙanwata ta ce mahaifinku ya taɓa tsaya wa mijinta. Ta je tsohon wurinku ta tarar ana sayar da takalma. Sai na nemo ku a waya." Ya ciro wayar da hannun hagu, ya lalubo, ya miƙa mata. "Ga shi. Ku kuka ce kada in faɗa muku komai."

Auta ta karɓa. Shafin ofishinsu ne na intanet, amma ba ta gane shi ba. Babu hoto, babu suna, babu lamba. Baƙin rubutu ne ya cika fuskar wayar daga sama har ƙasa: GARGAƊI. Babu abin da ke wannan shafi da ke matsayin shawarar lauya. Tuntuɓar mu ba ta mai da kai wanda muke karewa ba. Kada ka aiko mana da sirrinka ko bayanin matsalarka. Ba mu ɗauki alhakin duk abin da ka aiko ba. Haka ya yi ta tafiya, sakin layi bayan sakin layi.

"Na karanta, na sake karantawa," in ji mutumin. "Na ce to, mutanen nan sun girma, sun fi ƙarfina. Sai na haƙura. Jiya ne wani ya ce mini har yanzu kuna karɓar irina."

Ta faɗa masa gaskiya, don ba ta iya yi wa mutum rufa-rufa a kan shari'arsa ba. Bai yi faɗa ba. Ya mai da hannun aljihu, ya yi mata godiya, ya sauka. Godiyar ce ta fi ƙona mata rai.

To, yadda aka yi lauyoyi uku masu ido suka bar wannan abu a ƙofarsu, sai lauya ne zai gane. Lokacin da kamfanin da ya tsara shafin ya ce su duba kafin a sake shi, sai suka duba shi yadda suke duba komai a duniya: suka sa sakatariya ta buga shi a takarda. Aka huda, aka ɗaure a fayil. Baba ya bi da jan biro, Yaya da kore, Auta da fensir. Sun yi rabin yini a kan wata waƙafi. Gargaɗin kuwa Baba ne ya rubuta da hannunsa, ya kuma ji daɗinsa ƙwarai, yana cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A takarda, gargaɗin ya faɗo a shafin ƙarshe, lafiya lau, inda irinsa ke zama a kowace yarjejeniya. A kwamfutar ofis kuma ɗan akwati ne a tsakiya, kowa ya danna "Na amince" sau ɗaya, bai sake fitowa ba. Babu wanda ya taɓa buɗe shi a waya. Me zai kai su? Ai sun san hanyar ofishinsu.

Auta ba ta tsaya kuka ba. Ta ɗauko tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi, ta sauka titi, ta zauna a rumfar jiran mota inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ta shiga shafin kamar baƙuwa. Ta ja gargaɗin da yatsa har ta gaji kafin ta tarar da wurin dannawa. Bayansa sai hoton wani dogon gini na gilashi wanda ba nasu ba, da wasu mutane masu fararen haƙora suna musabaha, waɗanda ko a mafarki ba ta san su ba. Sai hoton Baba cikin baƙar riga a gaban kantar littattafai, yana buɗewa a hankali daga sama: littattafai, littattafai, littattafai, can sai goshi. Sashenta yana ɓoye a ƙarƙashin "Sauran Ayyuka", da wani suna mai tsawo wanda ita kanta sai da ta karanta sau biyu. Lambar wayar ofis kuwa tana can ƙarshe, a cikin hoto, ko ka danna ba ta kira.

Ta leƙa shafukan wasu ofisoshin lauyoyi don kada ta zalunci nasu. Kusan duk tela ɗaya ya ɗinka su: sikeli, guduma, littattafai, da tarihin wanda ya kafa ofis tun daga makarantar firamare. Kowa na ba da labarin kansa, ba mai tambayar wanda ya shigo me ke tafe da shi. Wani ƙaramin ofis ne kaɗai ya fara da tambaya, "An kore ka daga aiki?", ga lamba a ƙasa da manyan baƙaƙe. Auta ta ji kishi ya kama ta.

Washegari ta shigar da tata ƙarar. Ba Yaya ta kai ƙara ba, shafin ta kai.

Yaya ya yi dariya har da riƙe tebur. "Shafi? Wa zai tsaya masa?"

"Kai mana, Yaya. Ba kai ka kawo masu yin sa ba?"

"Na karɓa. Amma ki zo da shaida, kin san tsohon."

Ta sani. Shi ya sa ta bi adireshin da mutumin ya bari, har wata rumfar kafintoci a bayan kasuwar katako. Ta same shi a ƙasa, ya danne ƙafar kujera da gwiwa, yana goge ta da hannun hagu. Ta gaishe shi, ta tsuguna, ta yi masa bayanin abin da take so: ya zo ofis ya faɗa wa mahaifinta abin da ya faɗa mata.

Bai daina gugar ba. "In na zo, wa'adin zai dawo?"

"Ba zai dawo ba."

"Yatsun fa?"

Ta girgiza kai.

"Lauya, ba na jin haushinki, ke kin saurare ni. Amma lokacin da nake da magana kun ce kada in faɗa, ban faɗa ba. Yanzu da ku ke da buƙata kuma ku ce in zo in faɗa? Ki yi haƙuri."

Ta so ta ce masa saboda na bayansa ne, sai ta ga ba ta da bakin faɗar haka ga mutumin da aka riga aka cuta. Ta miƙe ta kakkaɓe garin katako daga siket ɗinta, ta yi masa sallama. A hanya ta yi ta juya abin a ranta. Wanda aka kora daga bakin ƙofa ba ya barin sawu, wanda ya bari kuma ya ƙi zuwa. Amma ko sama da ƙasa za su haɗe, ba za ta janye ƙarar nan ba.

Mama ta ji labari, don a gidan nan ba a ɓoye mata shari'a. Ta tare Auta a kicin tana wanke kofuna.

"Ke, rubutun nan ubanki ne ya yi shi. Ya karanta mini shi har sau nawa, ina gyangyaɗi yana tashe ni. Ki bi a hankali."

"Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Na ji. Amma cibin uba ba a nuna shi da yatsa."

Ranar zama, sakatariya ta kawo shayi ta zauna da littafinta a gefe, don har rubuta bayanin zaman ake yi. Baba ya hau kujerarsa, ya sa tabarau. Yaya ya fara, kuma a gaskiya ya iya aikinsa. Ya ajiye fayil ɗin shafin a tebur, tim, ya nuna sa hannun mutum uku a bangonsa, har da na mai ƙara. Ya kawo labarin wani ofis da wani ya aika wa sirrinsa ta shafi, daga baya ya kai su ƙara cewa sun zama lauyoyinsa sun yi watsi da shi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, in ji shi, shafa wa naka ruwa. Baba ya gyaɗa kai, yana jin daɗi.

Auta ta miƙe ta fara ba da labarin mai injin katako. Ba ta kai ga asibiti ba Yaya ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, an ce."

"Mutumin yana nan?" in ji Baba.

"Ba ya nan."

"To a cire."

Ta fito da bayanin da ta karɓo daga masu kula da shafin, wanda ya nuna yawancin masu shigowa ta waya daga fuskar farko suke juyawa. Yaya ya ce bayanin ya nuna sun juya, bai nuna dalili ba; wataƙila sabis ne ya ɗauke, wataƙila abinci aka kira su. Baba ya ce wannan ma gaskiya ne, a cire. Sakatariya ta ja layi, tana satar kallon Auta da tausayi.

"Mai ƙara tana da sauran shaida?"

Auta ta dubi mahaifinta. Ta tuna maganar Mama, ta kuma tuna mutumin a tsugune cikin garin katako. Ta gyara tsayuwa.

"Ina da roƙo tukuna, ranka ya daɗe. Wa ya rubuta gargaɗin da ke gaban kotu?"

"Ni na rubuta."

"To ina roƙon alƙali ya sauka. Baba ne ya koya mana mutum ba ya alƙalancin abin da hannunsa ke ciki."

Biron sakatariya ya tsaya a iska. Tun da aka kafa wannan kotu ta gida, ba wanda ya taɓa taɓa kujerar nan ko da wasa. Yaya ya buɗe baki, ya nemi dokar da zai kawo, bai samu ba, ya rufe. Baba ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe yana dubanta, ita kuma ta sunkuyar da kai amma ba ta zauna ba. Ransa ya ɓaci, kowa ya gani. Sai dai shi mutum ne da ya fi son doka a kan son girmansa, ko da kaɗan ne. Ya dafa tebur ya miƙe.

"Roƙo ya karɓu. Ina zan zauna?"

"A nan, Baba." Ta ja masa kujerar baƙi. "Ina kiran ka shaida."

"Yau na ga ta kaina," in ji Baba, ya zauna.

Ta miƙa masa tsohuwar wayar. Ya kai hannu biyu, ta ce, "Da hagu, Baba. Na dama a aljihu." Ya harare ta, amma ya sa. "Kana asibiti. An ce maka akwai wani lauya mai tsaya wa irinka. Ga shafinsa. Ka nemo lambarsa."

Baba ya kawo wayar kusa da hanci, ya mai da ita nesa. "Ina shafin? Wannan ai gargaɗi ne."

"Shi ne shafin. Ka karanta wa kotu."

Ya fara da muryar nan tasa ta kotu, wadda ke cika ɗaki, har yana ɗan lanƙwasa ta a inda yake alfahari da jimla. Babu abin da ke wannan shafi. Tuntuɓar mu ba ta mai da kai. Da ya zo kan "Kada ka aiko mana da sirrinka ko bayanin matsalarka", muryar ta ragu. Ya yi ƙoƙarin jan rubutun da babban yatsa, wayar ta sulluɓe ta faɗa cinyarsa. Hannun dama ya yunƙuro daga aljihu don ya taimaka, ya tuna, ya mai da shi. Ya ɗauka ya sake ja. Rubutu ya ƙi ƙarewa.

"Wai ina lambarmu?"

"Tana shafin ƙarshe, Baba, in ka danna..." in ji Yaya.

"Ban tambaye ka ba. Shi mai injin wa ya faɗa masa?"

Ya ci gaba da fama shi kaɗai, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Auta ta tsaya tana kallon mahaifinta, tsoho, a kujerar baƙi, yana kokawa da rubutunsa da hannu ɗaya, sai tausayinsa ya kama ta har ta kusa cewa a bari haka. Ta danne. Tambaya ɗaya ta rage mata, ta kuma yi ta a hankali.

"Baba, in kai ne a gadon nan, me rubutun ya ce maka?"

Ya kifa wayar a gwiwa. Ya cire tabarau.

"Ya ce in tafi."

Sakatariya ta rubuta. Ba wanda ya ce a cire.

Yaya ne ya fara motsi. Ya ce shi dai har yanzu yana kan bakansa, ofishin lauya ba ya zama ba gargaɗi, kuma wa zai yanke hukunci a kan buƙatarsa ta rufe sashen Auta tunda an sauke alƙali?

"Babu alƙali, babu hukunci," in ji Baba. "In babu hukunci, kowa na nan inda yake. Ɗakinta na nan. A kwashe mata fayil ɗin nan daga benci." Ya juya ga Yaya. "Gargaɗi kuma kana da gaskiya, ba za a rasa shi ba. Ka mai da shi layi biyu, ka kai shi ƙasa. Ita za ta rubuta abin da mutum zai fara gani. Kuma duk wanda ya sake buga mini shafin nan a takarda, shi da ni ne."

Auta ta ji daɗi ya taso mata, ta zauna. Yaya ya tattara fayil ɗinsa, ya raɗa mata a kunne cewa ta yi masa maguɗi, zai ɗaukaka ƙara wurin Mama. Ya fita, sakatariya ta bi shi da kofuna.

Baba bai tashi daga kujerar baƙi ba. Ya ce ta faɗa masa ranar da injin ya kama mutumin, da ranar da ya hawo ofis. Ta faɗa. Ya tambayi ko an taɓa rubuta wa kamfanin wani abu a tsakani, ko sun taɓa amsa laifi ko da da baki, ko mutumin ya yi doguwar jinyar da za a ce ba ya cikin hayyacinsa. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa, Auta ta riga ta ƙwanƙwasa ta, ta kuma faɗa masa haka. Ya dubi hannunsa.

"Ina yake yanzu?"

"Bayan kasuwar katako. Yana gugar kujeru."

"Ɗauko makullin mota."

"Baba, ba zai saurare ka ba. Na je, na gani."

Tsohon ya miƙe, ya ɗauki hularsa.

"Ban ce ya saurare ni ba. Ni zan saurare shi."